Kwandon Sharar Kwamfuta Ya Ƙi Zubewa? Saurara Kafin Ka Taɓa

Ɗana, fayil ba ya ƙin gogewa haka kawai. Ko wata manhaja ce ke riƙe da shi, ko kwandon da ake rubuta wa Corbeille ne ya lalace, ko ƙwayar cuta ta shigo ta kile (USB), ko kuwa faifan ajiya ya kama hanyar mutuwa. A nan Tawa na ga aikin shekara guda ya salwanta saboda mai shi ya fusata ya yi ta dannawa. Ko a ofis kake, ko a sibar, ko kana rubuta kundinka a Jami'ar Djibo Hamani, ga umarni.

ABIN DA ZA KA YI

1. Kwafe muhimman takardunka zuwa wani wuri tukuna. Fayil mai taurin kai wani lokaci alamar ciwon faifai ne.
2. Buɗe kwandon ka duba kowane suna. Abin da ka zubar ba ya komawa ciki.
3. Rufe Word da duk abin da ke buɗe, ka kashe kwamfutar ka kunna. Windows ba ta goge fayil ɗin da ake aiki da shi.
4. Sa antibirus ya binciki na'urar da kile. Ƙwayar cuta tana sake haifar abin da ka goge.
5. In kwandon ya ƙi zubewa, shiga mode sans échec ka sake gwadawa. A can manhajoji kaɗan ne ke tashi.
6. Duba faifan da chkdsk, batir cike. In wutar NIGELEC ta ɗauke ana tsakiyar gyara, ɓarnar ta ninku.
7. In duk sun gaza, buɗe cmd da izinin administrateur ka rubuta rd /s /q C:\$Recycle.Bin daidai yadda yake. Windows za ta gina sabon kwando da kanta.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka rubuta umarnin rd ɗin nan da gaggawa. Ba ya tambayar ko ka tabbata, kuma tazara guda bayan C:\ ta isa ta juya shi kan faifan gaba ɗaya. Karanta sau uku. In hannunka na rawa, kira mai gyara.
2. Kada ka yi shi a kwamfutar da ake tarayya ba ka faɗa wa kowa ba. Kwandon abokan aikinka ma zai tafi.
3. Kada ka mai da kwandon shara ma'ajiya. In ya cika, Windows na share tsofaffin ba sallama.
4. Kada ka taɓa System32 don neman wuri. Na'urar tana iya ƙin sake tashi.
5. Kada ka saba da Shift da Suppr tare. Suna tsallake kwandon ne.
6. Kada ka goge abu a kile kana sa ran samunsa a kwando. Ba ya biyawa ta can.
7. Kada ka sauko da manhajar "goge komai" daga shafin da ba ka sani ba. Ɓarawo ne ka buɗe wa ƙofa.
8. Kada ka ci gaba da aiki in faifan na ƙas-ƙas. Kashe shi nan take.
9. Kada ka ajiye sabon abu bayan ka goge wani bisa kuskure. Sabon zai hau kan tsohon, mai gyara ya rasa abin cetowa.
10. Kada ka sayar da kwamfuta don kawai kwandon ya zama fanko. Mai saye na iya tono hotunan iyalinka da takardun bankinka ta amfani da manhajar kyauta.