Idan Mota Ba Ta Lotse Ba, Wa Ya Sha Dukan?

Ni injiniya ne, kuma sashen da nake aiki shi ne gwajin karon mota. Mu ne masu ɗaukar mota lafiyayya, ko wani ɓangare nata, mu ɗaura mata na'urorin awo, mu zaunar da mutum-mutumin gwaji a kujera, mu maka ta da bango da gangan. Idan ƙura ta lafa sai mu zauna mu karanta abin da ya sami ƙarfe, da abin da zai sami ɗan Adam da a ce shi ne a ciki. Ina zaune a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, kusa da birnin Charlotte, yankin da galibin ƙungiyoyin tseren NASCAR suka kafa garejinsu. A nan ranar Litinin da safe, washegarin tsere, kowa injiniya ne, kamar yadda kowa yake zama koci a teburin mai shayi idan an lallasa ƙungiyarsa. Mai aski yana da ra'ayi a kan fiffiken mota, mai sayar da taya yana da nasa a kan shugabannin gasar. Nakan saurare su, domin sau da yawa sun fi mu hangen abin da ke damun wasan. Amma akwai wuri ɗaya da ido yake yaudarar ɗan kallo, kuma wurin ya shafi duk mai shiga mota, a Daytona yake ko a hanyar Kano zuwa Zariya.

NASCAR gasa ce ta motoci masu rufi, waɗanda ake yi wa jiki mai kama da na Chevrolet da Ford da Toyota, ko da yake abin da ke ƙarƙashin fatar ba ruwansa da motar gida. Mota kusan 40 ke zagaya fili mai siffar ƙwai, kuma a manyan filaye irin su Daytona da Talladega gudun yakan kai kilomita 300 a awa, bamba na shafar bamba. Bill France ne ya kafa ta a 1948, har yau kuma iyalinsa ne masu ita. Su ke rubuta doka, su ke yanke irin motar da za a hau, filaye da dama ma nasu ne. Shi ya sa duk wani ƙorafi, na taya ne ko na jadawali, ƙofa ɗaya yake bugawa.

A shekarar 2000 direbobi uku suka mutu a gasannin NASCAR: Adam Petty da Kenny Irwin da Tony Roper. Ranar 18 ga Fabrairu, 2001, a zagayen ƙarshe na tseren Daytona 500, Dale Earnhardt, wanda ya zama zakara har sau bakwai, ya bi su. Wanda ya kalli hatsarinsa a talabijin ba zai ce an mutu ba. Motar ba ta wuntsila ba, ba ta kama da wuta ba, bango kawai ta daka ta zame ƙasa. Abin da ya kashe shi, shi ya kashe Petty da Irwin: karayar gindin ƙoƙon kai. Jiki a ɗaure yake tamau da bel, mota ta tsaya cak, kai da nauyin hular kwano suka ci gaba da tafiya. Daga nan aka wajabta abin wuyan nan da ake kira HANS, mai riƙe hula da kafaɗa. Aka rufe katangun kankare da bango mai ɗan sassauci, na bututun ƙarfe da soso a bayansa, wanda masana a Jami'ar Nebraska suka ƙirƙiro. Sa'annan a 2007 aka fito da sabuwar mota mai laƙabin Motar Gobe.

Tun kallon farko 'yan kallo suka tsane ta. Suka ce akwati ce aka sa wa taya, ga wani fiffike a baya, kuma idan ka cire tambari ba ka bambance Ford da Toyota. Kyle Busch, wanda ya ci tseren farko da ita a filin Bristol, yana fitowa ya kushe ta a gaban kyamara. A kan kamanni jama'a sun yi gaskiya. Mutumin da ubansa da kakansa Ford suka hau, so yake ya ga Ford ta kayar da Chevrolet, ba sitika ta kayar da sitika ba. An cire fiffiken a 2010 bayan an yi ta zarginsa da ɗaga mota sama idan ta juya baya cikin gudu, a 2013 kuma aka mayar wa kowane kamfani siffarsa. Sai dai munin nan da ake zagi, wani ɓangarensa daga aikinmu ya fito: an faɗaɗa kejin da direba ke ciki, an matsar da kujerarsa zuwa tsakiya, an cusa soso mai shan duka a ƙofofi. A watan Afrilu na 2008 Michael McDowell ya daki bango a filin Teksas yana cikin cikakken gudu, motar ta yi ta wuntsilawa tana watsa tarkace, ya fito da ƙafarsa. Tun rasuwar Earnhardt ba a sake rasa direba a tseren babban rukunin NASCAR ba.

Motar da ake hawa yanzu, Next Gen, ta fito ne a 2022, kuma a kanta nake so mu tsaya. A da kowace ƙungiya ita ke walda shasinta, ta buga jikin motarta da hannu, mai kuɗi ya tara injiniyoyi ya bar marar shi a baya. Yanzu kusan kowane sashe, ban da inji, daga hannun kamfanin da hukumar NASCAR ta amince da shi ake saye, kuma taɓa shi laifi ne mai tara. Shasin kashi uku ne, gaba da tsakiya da baya, ana haɗa su da noti. An bar jikin ƙarfe aka koma na haɗin zare da roba mai tauri. Ƙafar taya ta tashi daga inci 15 zuwa 18, noti ɗaya ke riƙe ta a madadin biyar, giya ta zama biyar, har lambar da ke jikin ƙofa an matsar da ita gaba don a ba masu talla fili. Hayaniyar da aka fi yi da farko a kan noti ɗayan nan da lambar ce, abubuwan da ido ke gani. A shekarar farko direbobi 19 ne suka ci tsere, abin da hukuma ta yi ta tinƙaho da shi. Ƙwararrun masu walda da masu buga ƙarfe kuwa, da yawansu sana'arsu ta ƙare a garejin tsere.

Abin da ido bai gani ba shi ne taurin bayan motar. Tun farkon kakar direbobi suke cewa dukan da a da sukan kakkaɓe su wuce, yanzu yana shiga jikinsu. Kana kallo za ka ga mota ta juya ta daki bango da baya, ta dawo kusan ba lotsa. Na ji da kunnena wani yana yaba wannan, yana cewa ga mota mai ƙwari, direbobin zamani ne ragwaye. A watan Yuli na 2022 Kurt Busch, tsohon zakara, ya daki bango da baya a filin Pocono yayin gwajin neman gurbi. Hatsari ne da ba wanda zai ajiye cokali ya kalla. Ƙwaƙwalwarsa ta bugu, kuma bai sake hawa tseren babban rukuni ba. A watan Satumba irin haka ya sami Alex Bowman a Teksas, tsere biyar suka wuce shi.

Lissafin ba shi da wuya, kuma shi ne abincinmu kullum. Mota mai gudun kilomita 50 a awa, idan ta tsaya a cikin tazarar rabin mita saboda ƙarfenta ya naɗe, wanda ke ciki zai ji nauyinsa ya ninka kusan sau 20. Idan ta tsaya a cikin santimita 10 saboda ƙarfen ya ƙi naɗewa, ninkin ya kusa 100. Gudu ɗaya, bango ɗaya, mutum ɗaya. Ƙarfin karo ba ya ɓacewa, dole wani abu ya shanye shi, kuma idan ƙarfe ya ƙi, sai wuya da ƙwaƙwalwa su karɓa. Ƙwaƙwalwa kuwa a cikin ruwa take, idan ƙoƙo ya tsaya ita ba ta tsaya ba tukuna.

Ba wauta ce ta sa aka taurara motar ba. An ƙera ta ne da tunanin hatsari mafi muni, irin wanda mota ke tashi sama ko a dake ta a ƙofa, kuma a nan ta cika alkawari. A watan Agusta na 2023 motar Ryan Preece ta wuntsila wajen sau goma a Daytona, mako na zagayowa yana kan sitiyari. Matsalar tana dukan tsaka-tsaki, wanda bai kai ya naɗe ƙarfe ba amma ya isa ya girgiza kai. Gyaran da aka yi kafin kakar 2023 shi ne a raunana bayan motar da gangan: aka rage wasu sanduna, aka sauya wasu, domin su lanƙwashe da wuri. A wannan karon direbobi ne suka yi gaskiya, irin su Denny Hamlin da Kevin Harvick da suka fito suka yi magana ba ɓoye-ɓoye, kuma a ganina an makara wajen sauraren su. Na'ura tana ba da lamba, amma mutumin da ya tashi da jiri da ciwon kai bayan ƙaramin karo shi ma shaida ne.

Inda 'yan kallo suka fi mu gaskiya shi ne daɗin tseren a ƙananan filaye irin su Martinsville, wanda zagayensa rabin mil ne. Sun ce wucewa ta zama aiki, kuma haka ne. Tayar ta yi faɗi, birki ya yi ƙarfi, inji kuma an rage shi: daga ƙarfin doki sama da 800 a wajejen 2014 zuwa 670 a 2022. Direba ya yi kuskure a kwana, sai ya sauke giya ya gyara, na bayansa bai samu kafa ba. Ga kuma iskar da motar gaba ke hargitsawa, wadda ke hana ta baya mannewa da ƙasa. Motoci iri ɗaya masu gudu iri ɗaya jerin gwano suke yi. Shekara da shekaru jama'a suna cewa a ƙara doki, a sa taya mai cinyewa, ana amsa musu da maganar tsadar inji. A watan Maris na 2024 a Bristol taya ta yi ta cinyewa ba bisa shiri ba, dole direba ya lallaɓa ta ko ya zauna, aka sauya jagora sau 54. Mutane suka ce ga abin da muke faɗa. Daga baya an sanar da ɗaga ƙarfin zuwa 750 a ƙananan filaye daga 2026.

Rigimar yadda ake fitar da zakara ba fannina ba ce, amma ina da ra'ayi. Bayan Matt Kenseth ya ɗauki kofin 2003 da nasara ɗaya tak, aka kawo zagayen ƙarshen kaka a 2004, a 2014 kuma aka mayar da shi na sallama, har mutum huɗu su rage a tsere guda. A 2024 Joey Logano ya zama zakara alhali matsakaicin matsayinsa a kakar na 17 ne. Bai karya doka ba, dokar ce ta ba da wannan kafa, kuma masu cewa an fifita annashuwar talabijin a kan cancanta ba su yi ƙarya ba. Haka 'yan kallo suka yi ta kukan filin North Wilkesboro da aka bari a 1996, har aka koma can a 2023. Su ma masu ƙungiyoyi ba su yi shiru ba: a watan Oktoba na 2024 ƙungiyar Michael Jordan da Denny Hamlin, tare da ƙungiyar Front Row, suka kai NASCAR kotu bisa zargin babakere, aka sasanta a Disamba 2025.

To, ga inda maganar ta iso gida. Duk lokacin da na zo hutu sai na ji ana kushe motocin zamani, ana cewa kwali ne, ɗan karo kaɗan gaba ya naɗe, ana kewar tsohuwar Fijo da Marsandi da ke bugun abu su wuce. Naɗewar nan aiki ce, injiniyoyi ne suka zauna suka tsara inda ƙarfe zai lanƙwashe don ɗakin fasinja ya tsira. Wanda ya kai motarsa aka walda mata ƙaton ƙarfe a gaba ya rage mata wannan tazara, kuma yana iya rikita na'urar da ke buɗe jakar iska, ban da abin da ƙarfen zai yi wa ɗan acaɓa ko yaro mai tsallaka titi. Motoci da yawa da ake shigowa da su ta Legas da Kwatano, daga gwanjon motocin hatsari na nan Amurka aka sayo su. Ƙarfen da ya taɓa naɗewa aka gasa shi da wuta aka miƙar, ba zai sake shan duka yadda aka tsara ba, komai ƙyallin fenti.

Idan za ka sayi mota, ka sa a bincika tarihinta da lambar shasi, ka tafi da bakaniken da zai leƙa ƙasa ya duba sandunan gaba da na baya ko akwai sabuwar walda. Ka kunna ka ga fitilar jakar iska ta kama ta mutu da kanta. Kada ka cire matashin kai na kujera, ka ɗaga shi ya kai saitin saman kanka, domin shi ke tare wuya idan an dake ka ta baya. Ka ɗaura bel, na kujerar baya ma su ɗaura. Kuma duk wanda ya yi hatsari, ko motar ba ta nuna komai ba, idan ya ji jiri ko amai ko ciwon kai ko mantuwa, don Allah a kai shi asibiti a ranar.