Ɗanka Zai Tafi Lakwal a Birni: Wane Hali Zai Tafi da Shi?

Darasi domin iyaye da 'ya'yansu. Kafin a fara, a karanta Littafin Daniyel, sura ta 1.

Watan Oktoba idan ya kama, gero ya nuna a karkarar Droum, kowa yana gona. A lokacin nan ne kuma lakwal ta ke buɗewa. Uba ya kan auna gero a buhu, uwa ta ɗaure kuka da daddawa da ƙuli-ƙuli a tsumma. Wataƙila an sayar da akuya domin a sayi littattafai. Yaro ya hau mota ya nufi Damagaram, iyaye suna kallo har ƙura ta lafa.

Ya kai uba, ya ke uwa, kun shirya masa guzurin ciki. To, guzurin zuciya fa? Gero zai ƙare kafin wata uku. Halin da ya tafi da shi kuwa, shi ne zai ci har ya gama karatu.

Doguwar Hanya

Mu duba tsawon hanyar. Yaro ya kan yi shekara 6 a firamare, shekara 4 a kwaleji kafin ya rubuta BEPC, sa'an nan shekara 3 a lise kafin ya rubuta BAC. In Allah ya ba shi sa'a sai jami'a. A dā dole ne a tafi Yamai, inda aka buɗe makarantar da ta zama jami'ar ƙasa a 1971. Daga 2010 Damagaram ta sami tata jami'a, haka kuma Maraɗi da Tawa. Wannan abin godiya ne. Amma ko kusa ko nesa, ɗan ƙauye ya kan bar gida tun yana ɗanye. Ya kan zauna wurin mai masauki, ko ya haɗa ɗaki da abokai. Ba uba mai tambayarsa inda ya kwana. Ba uwa mai duba fuskarsa da safe.

Malamin lakwal zai koya masa lissafi da Faransanci da kimiyya. Amma malami ɗaya yana da yara da yawa a aji, ba zai iya bin kowane yaro zuwa masauki ba. Kada ku ce, "Mun ba gwamnati yaro, ita za ta gyara shi." Lakwal tana cika kai da sani, amma hali daga gida ya ke fitowa. Hausawa sun ce, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Saurayi a Baƙon Birni

Daniyel ma ɗan makaranta ne. An ɗauke shi daga ƙasarsu yana saurayi, aka kai shi Babila, babban birnin duniya na zamanin nan. Aka sa shi ya koyi baƙon harshe da rubutun Kaldiyawa shekara 3, daidai da shekarun lise. Har suna aka sake masa. Ba iyaye kusa, ba Haikali, ba wanda zai kai ƙararsa gida.

Ku lura da abu biyu. Na fari, Daniyel bai ƙi karatu ba. Ya yi ƙwazo har sarki ya gwada shi da abokansa uku, ya tarar sun fi masanan ƙasar nesa ba kusa ba. Saboda haka kada mu hana 'ya'yanmu lakwal, maza ko mata, don tsoron birni. Na biyu, akwai iyakar da ya ƙi ƙetarewa. Ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa da abincin sarki ba. Bai yi tsiwa ba, bai zagi kowa ba. Cikin ladabi ya roƙa a gwada su kwana 10 da ganyaye da ruwa, Allah kuwa ya fid da shi kunya.

Ina Daniyel ya sami wannan hali? Ba a Babila ya koya ba. Da shi ya zo daga gida.

Tarko Huɗu

Na ɗaya, satar jarrabawa. Yau wayar hannu ta sauƙaƙe ta, wani kuma ya kan nemi a sayi maki da kuɗi. Abin baƙin ciki, wani lokaci uba ne da kansa ya ke sayar da rago domin haka. Ka yi tunani. Wanda ya sayi takardar likita, wa zai yi wa allura? Ɗan'uwanka ne. Wanda ya sayi takardar malanta, ɗan wa zai koya wa? Naka ne. Gara ɗanka ya faɗi da gaskiya ya maimaita aji, da ya ci da ƙarya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na biyu, mugayen abokai. Zaman fada da shan shayi ba laifi ba ne, amma ba kowace fada ce wurin zaman ɗan makaranta ba. A wata fadar a ke fara miƙa wa yaro taba, gobe ƙwayar taramol, wai don ya iya karatun dare. Mutanen Damagaram sun san labarin ƙungiyoyin samari da a ke kira "fale", har aka yi fim a kan rayuwarsu a unguwar Kara-Kara a 2021. Yawancin samarin nan rashin aiki da rashin mai kula ne ya kai su can. Mu yi musu addu'a, mu kuma tuna cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Na uku, fasikanci. Yunwa ce ƙofarsa mafi faɗi. Yarinyar da geronta ya ƙare, ba ta da kuɗin sabulu, tana cikin hatsari idan mai babur ko mai kanti ya fara yi mata kyauta. Uwa, ki yi magana da 'yarki a fili kafin ta tafi. Kada kunya ta rufe miki baki. Uba, ka gaya wa ɗanka cewa 'yar wani ma ƙanwar wani ce. Ka kuma aika da guzuri a kan kari.

Na huɗu, girman kai. Yaro ya dawo hutu, ya ƙi ɗaukar hauya, ya ƙi durƙusa wa tsofaffi, yana amsa wa uwarsa da Faransanci. Babban hutu da damina su kan zo tare. Bari ɗan lise da ɗan jami'a su shiga gona tare da 'yan'uwansu. Hannun da ya riƙe alƙalami bai fi ƙarfin hauya ba, gama hauyar ce ta sayi alƙalamin.

Zama da Maƙwabta

Ɗanka zai zauna a aji inda kusan dukan abokansa Musulmi ne. Wataƙila shi kaɗai ne mai bin Almasihu. Ka koya masa kada ya ɓoye bangaskiyarsa, kada kuma ya raina addinin kowa. Ya gai da mutane, ya ba da aron littafi, ya je gaisuwar mutuwa. Ran 16 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram, kashegari kuma a Yamai. Shugabannin ikilisiya suka yi kira a gafarta. Yaran da su ke lise yau ƙanana ne a lokacin, daga bakinmu za su ji labarin. Idan da ɗaci mu ke ba da shi, ɗaci za su kai aji. Idan da gafara, za su kai salama.

Suna Ya Fi Takarda

Ka tambayi ɗanka sunan wa makarantarsa ta ke ɗauke da shi. Babban lise na Damagaram yana da sunan Sarki Amadu Kuran Daga, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Faransawa har aka kashe shi a 1899. Jami'ar Damagaram tana da sunan André Salifou, ɗan garin, masanin tarihi wanda ya rubuta labarin daular Damagaram, aka kuma amince masa ya shugabanci Babban Taron Ƙasa a 1991. Jami'ar Yamai tana da sunan Abdou Moumouni, wanda ya ba da ƙarfinsa ga binciken yadda hasken rana zai amfani mutanen ƙasarsa. Ba don yawan dukiya a ke tunawa da su ba, sai don abin da su ka tsaya a kai da abin da su ka yi wa jama'a. Dubbai sun sami takarda, kaɗan ne su ka bar suna mai kyau.

Aikin Iyaye da Ikilisiya

Ga abin da za ku yi.

Ku fara da kanku. Uban da ya ke tauye mudu a kasuwa ba zai iya hana ɗansa satar jarrabawa ba. Eli firist ne, amma bai kwaɓi 'ya'yansa da ƙarfi ba, gidansa kuwa ya lalace. Timoti kuma a wurin kakarsa da uwarsa ya fara ganin bangaskiya.

Ku riƙa sujadar iyali kowane dare, ko ta ɗan lokaci ce. In ba ku iya karatu ba, ku ba ɗan lakwal Littafi Mai Tsarki ya karanta, ku kuwa ku bayyana. Hakanan kowa zai girmama wani.

Ku san mai masaukinsa. Ku je da ƙafarku ku ga inda ya ke kwana, ku san abokansa da sunansu.

Ku haɗa shi da ikilisiyar birni. Bishara ta daɗe a Damagaram, tun 1924 mishan na SIM ta fara aiki a can. Bari fastonku ya ba shi wasiƙa zuwa ga faston birni. Ya kuma nemi ƙungiyar ɗalibai masu nazarin Littafi Mai Tsarki, wadda a ke kira GBEEN.

Idan ya buga waya, kada tambayarku ta tsaya ga maki. Ku tambaye shi ko ya je sujada, ko yana da damuwa. In ya yi kuskure, ku tsauta masa, amma kada ku rufe ƙofa. Yaron da ya ke tsoron dawowa gida, titi ne zai karɓe shi.

Kai kuma ɗan makaranta, iyayenka ba su ganinka a birni, amma Allah yana gani. Halin kirki ba da ƙarfin mutum kaɗai ya ke samuwa ba. Yesu Almasihu ne mai ba da sabuwar zuciya. Ka ƙudura a ranka tun yau, kamar Daniyel, kafin gwaji ya zo.

Tambayoyi

1. Wane abu Daniyel ya karɓa a Babila, wane abu kuma ya ƙi?
2. Cikin tarko huɗun nan, wanne ya fi kusa da 'ya'yan gidanku?
3. Yara nawa daga ikilisiyarku su ke karatu a birni? Wa ya ke ziyartarsu?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, ga 'ya'yanmu a hannunka. Ka ba su ilimi tare da tsoronka. Ka tsare su daga ƙarya da mugayen abokai. Ka taimake mu iyaye mu zama gurbi nagari a gabansu. Cikin sunan Yesu, Amin.