Allurar Testosteron: Yadda Ake Daidaita Awo Da Lokaci

Jama'a, maganar allurar testosteron ta yawaita a bakin maza, har wasu kan shiga kemis su saya, su sa a yi musu ba tare da ganin likita ba. An rubuta wannan takarda domin mai shan wannan magani, da mai niyyar nemansa, ya san dalilin da ke sa a ƙara, a rage, ko a sauya ranakun allura.

Wane ne ke bukata?

Testosteron sinadari ne da maraina ke samarwa. Shi ne ke kawo gemu da kaurin murya, da ƙarfin tsoka da ƙashi, da sha'awa. Tun 1935 masana a Turai suka gano yadda za a harhaɗa shi ya zama magani. Amma kasala da raunin sha'awa kaɗai ba su isa hujja ba, domin ƙiba, ciwon suga, ƙarancin barci da shan taramol duk suna kawo haka. Sai an ɗebi jini da sassafe, kafin karin kumallo, a ranaku biyu daban-daban. Likitoci da yawa kan ɗauki abin da ya gaza nanogiram 300 a kowane desilita a matsayin ƙaranci, in har akwai alamu tare da shi.

Ire-iren maganin

Akwai allura mai gajeren zango, wadda aka saba yi miligiram 150 zuwa 200 duk mako biyu, ko 75 zuwa 100 duk mako. Akwai Sustanon 250, da aka fi yi duk mako uku. Akwai Nebido mai dogon zango: miligiram 1000, a sake bayan mako shida, daga nan kuma duk mako 10 zuwa 14. Sai man shafawa na kullum, wanda dole mai shafa shi ya wanke hannu ya rufe wurin da riga, kada ya shafi iyali ko yara.

Me ya sa ake sauya lokaci?

Ga inda mutane suka fi yin kuskure. Idan aka yi allurar mako biyu, sinadarin kan hau sama ƙwarai a kwanakin farko, sannan ya yi ta sauka. Mutum zai ji ƙarfi, wani lokaci har da saurin fushi, amma kafin ranar allura ta zagayo sai kasala ta dawo. Sai ya ce maganin ya yi masa kaɗan, a ƙara. Alhali sau da yawa yawan ya isa, rabon ne bai yi daidai ba. Mai lambu ya san cewa ruwan mako guda in an kwarara wa shuka a rana ɗaya, yau ta jiƙe sharkaf, jibi ta bushe. Don haka likita kan raba miligiram 200 ɗin nan gida biyu, a yi 100 duk mako, jini ya samu daidaito ba tare da an ƙara ko ɗigo ba.

Gwaji ne ke yanke hukunci. Mai allurar gajeren zango ana auna shi a tsakiyar kwanakin da ke tsakanin allura biyu, ana neman sakamako tsakanin nanogiram 350 da 600 a kowane desilita. Mai Nebido kuwa ana auna shi daf da allura ta gaba. In ya yi ƙasa a matso da ranar, in ya yi sama a nisanta ta.

Illar wuce gona da iri

Na farko, jini kan yi kauri. Idan gwajin PCV, wato na kaurin jini, ya wuce kashi 54 cikin 100, ana dakatar da magani har ya sauka, saboda gudun daskarewar jini a jijiya. Na biyu, jiki kan juya rarar sinadarin zuwa na mata, nonon namiji ya kumbura. Na uku, kuma wanda ya fi muhimmanci ga mai neman zuriya: da ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya wadata daga waje, sai ta daina umartar maraina su yi aiki, ƙwayoyin maniyyi su ragu ƙwarai, wani ma su ɗauke. Farfaɗowa kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara. Mai son haihuwa ya faɗa wa likita tun kafin allurar farko, domin akwai wasu magunguna da suka fi dacewa da shi.

Abin da ya kamata ka kiyaye

1. Kada ka ƙara awo ko ka matso da rana bisa shawarar aboki ko mai kemis.
2. Ka rubuta ranar kowace allura da yadda ka ji a tsakani, ka kai wa likita.
3. Ka koma gwajin jini bayan wata uku zuwa shida da farawa, sannan duk shekara.
4. In ka manyanta, ka tambayi likita game da gwajin PSA na furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara.
5. Ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko kumburin ƙafa ɗaya, a garzaya asibiti nan take.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.