Illar Ciwon Daji Daga Nesa: Ma'anarta da Buƙatar Sama Mata Suna a Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi larurorin da sinadaran ƙarin daji ke haddasawa a gaɓɓan da ƙarin bai kai gare su ba, sannan ta ba da shawarar sunan da ya dace da su a Hausa.

1.0 Gabatarwa

Kalmomin "daji" da "sankara" sukan kai tunanin Bahaushe ga ƙari ko gyambon da ke cin nama a wuri guda, ko wanda ke yaɗuwa zuwa wasu gaɓɓai. Amma akwai ɓarna ta uku da kalmomin ba su ɗauke ba, wato wadda ƙarin ke aikawa ta cikin jini alhali yana zaune inda yake.

2.0 Yadda Illar ke Aukuwa

A shekarar 1865, likitan Faransa Armand Trousseau ya bayyana alaƙar daskarewar jini a jijiyoyi da dajin cikin ciki. Daga bisani ya ga alamar a jikinsa, ya kuma mutu da dajin tumbi a 1867.

A 1941, Fuller Albright na Amurka ya yi hasashen cewa wasu ƙari suna fitar da sinadari mai kwaikwayon homon ɗin da ke daidaita kalsiyam a jini. An gano sinadarin a 1987. Aikinsa shi ne zuƙo kalsiyam daga ƙashi da hana ƙoda zubar da shi. Idan kalsiyam ya yi yawa a jini, sai majinyaci ya kama yawan fitsari da ƙishirwa da taurin bayan gida, har hankalinsa ya gushe. Haka kuma wani nau'in dajin huhu kan fitar da homon mai riƙe ruwa a jiki, gishirin jini ya tsinke, mutum ya ruɗe ko ya yi farfaɗiya.

3.0 Matsalar Suna

Waɗannan alamu kan riga ƙarin bayyana. Mai ruɗewa ana iya ɗauka iska ce ta taɓa shi, mai yawan fitsari a ce ciwon suga ne, alhali ba nan gizo ke saƙa ba. Tunda "yaɗuwa" tana nufin tafiyar ƙwayoyin dajin kansu, amfani da ita a nan zai kawo ruɗani. Maƙalar na ganin "illar daji daga nesa" ta fi dacewa, domin ta raba mazaunin cutar da wurin ɓarnarta.

4.0 Kammalawa

Wajibi ne masana harshe su haɗa kai da likitoci wajen tantance wannan suna, domin abin da ba shi da suna yana da wuyar bayani ga majinyaci da danginsa.