DARASI: MA'AJIN MAKARANTA DA HAƘƘINSA A KANMU

Idan shekarar karatu ta ƙare makarantunmu sukan yi bikin ban kwana. Akan yaba wa shugaban makaranta da malaman da ɗalibansu suka ci jarrabawa. Can wajen ƙarshe, sa'ad da jama'a suka fara duban ƙofa, sai a tuna da ma'aji, wanda ya yi shekara talatin ko fiye yana riƙe da asusun makaranta, a miƙa masa agogon bango da takardar yabo. Darasinmu na wannan fitowa a kan wannan mutum yake, da aikinsa, da irin girmamawar da ta cancance shi.

Mu da ke kudancin Kogin Kaduna mun gaji makarantu masu tarihi. A Kakuri Sistocin OLA suka kafa Queen of Apostles College a 1940, wadda gwamnati ta karɓe a 1972, aka sake mata suna Queen Amina College. Iyayenmu mata da suka yi karatu a can har yanzu suna iya lissafa sunayen Sistoci da malamansu. Amma a tambaye su wa yake sayo buhunan hatsi, wa yake biyan masu dafa abinci, wa yake sanin ranar da kananzir zai ƙare, sai a ji shiru. Makarantar kwana kuwa ciki ne da ita, ba ta jiran gobe.

Mu dubi abin da ma'ajin da ya daɗe a wannan aiki ya gani. Dattawa daga cikinsu sun fara lissafi da fam da sule, sai a ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta shigo, fam guda ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Suna nan aka shiga matsin tattalin arziki na 1986, inda kuɗin da aka karɓa a farkon zango ba ya sayen abin da aka yi nufinsa da shi a ƙarshen zango. Suna nan aka yi rikicin 2000, iyalai da yawa suka ƙetaro kogi zuwa Sabon Tasha, Narayi, Romi da Television, wasu ba su fito da ko takardar shaidar yaransu ba. Sa'an nan masaƙun da suka riƙe Kakuri da Makera suka durƙushe: Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles kuma ta rufe ƙofa a 2007.

Duk sa'ad da irin wannan ya faru, tagar ma'aji ce wurin da wahalar gari take fara isa. Ga uba tsaye da hula a hannu, an sallame shi ba a biya shi haƙƙinsa ba, yana roƙon a ɗaga masa ƙafa zuwa wata mai kamawa. Ga malama a bayansa, ita ma uwa ce, mai gida yana binta kuɗin haya, albashinta kuwa daga kuɗin da uban nan bai biya ba zai fito. Idan ma'aji ya tsananta, a ce ba shi da tausayi. Idan ya sassauta, wata ya ƙare babu albashi, a ce ya ci kuɗi. Shugaba ne yake yanke shawarar a kori masu bashi, amma a hannun ma'aji ake ganin takardar sunaye, don haka shi yara suke tsoro, shi iyaye suke zagi. Wanda ya yi shekaru a wannan tsaka mai wuya bai zama mugu ba, bai kuma zama ɓarawo ba, ya yi babban aiki.

Littafi Mai Tsarki bai raina wannan hidima ba. Mu karanta 2 Sarakuna sura 12. A zamanin Sarki Yowash Haikali ya lalace, kuɗin gyara kuwa yana shiga hannun firistoci, shekaru suna wucewa ba a gyara kome ba. (Mu firistoci ya kamata mu karanta wannan wuri a hankali.) Sai Yehoyada firist ya ɗauki akwati, ya huda murfinsa kamar asusu, ya ajiye kusa da bagade. In kuɗi ya taru, magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga, su ɗaure a jaka, su miƙa wa masu lura da aiki. Surar ta shaida cewa ba a nemi lissafi daga waɗannan mutane ba, saboda amincinsu. Wasu sukan kama wannan su ce ai mutumin kirki ba a bincikensa. To, amma kafin kuɗin ya kai hannunsu, mutum biyu sun riga sun ƙirga shi, aikin kuma a fili yake, kowa yana ganin bango yana tashi.

Bulus Manzo ma haka ya yi. A 2 Korantiyawa sura 8, sa'ad da ake tara gudunmawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa wanda ikkilisiyoyi da kansu suka zaɓa, don kada wani ya sami abin zargi. In Bulus ya nemi shaida, ba wanda ya fi ƙarfin ta.

A kan wannan tushe Dokokin Ikkilisiya na 1983 suka tsaya. Doka ta 1284 ta ɗora wa mai kula da dukiya ya yi himma kamar maigida nagari, ya tsara littafin shiga da fita, ya adana takardu, ya ba da rahoto a ƙarshen kowace shekara. Mun san halin garinmu: ma'aji ya sayi babur, an fara raɗa. Idan kwamitin makaranta yana kawo mai binciken kuɗi kowace shekara, yana kuma karanta sakamako a gaban iyaye, an rufe bakin masu raɗa, ma'aji ya fita da sunansa fes. Kwamitin da ya bar mutum guda da karɓar kuɗi, da rubuta rasit, da kaiwa banki, da riƙe mabuɗi, wai don an amince da shi, ya cuce shi, domin ranar da kwabo ya ɓata ba shi da mai tsaya masa.

Hidimarsu kuma ba ta tsaya a ƙofar makaranta ba. Da yawa cikinsu su ne suke zama bayan Misa suna ƙirga baiko, su ne a kwamitin kuɗi na majami'a. Su ake kai wa littafin adashi in ya rikice, su suke cike wa gwauruwa takardun fanshon mijinta, su suke rubuta gudunmawar jana'iza. Ba a biyansu ko kwabo a kan wannan.

Saura haƙƙinsa. Doka ta 1286 ta umarci masu kula da dukiyar Ikkilisiya su biya ma'aikata lada mai adalci, wanda zai ishe su da iyalinsu. Abin kunya ne mutumin da ya yi shekara talatin yana biyan wasu albashi a kan kari ya tsufa yana zarya don karɓar kuɗin sallamarsa. Muna roƙon kowane kwamitin makaranta, kafin a sa ranar biki, ya zauna ya lissafa abin da ma'aji yake bi, a biya shi, a ba shi takarda. A kuma haɗa shi da wanda zai gaje shi, su yi ko da zango guda tare, domin akwai abin da ba ya cikin littafi: shi ya san marayan da wani yake biya musu a ɓoye ba ya so a faɗi sunansa, shi ya san iyayen da sukan biya sai bayan girbi.