Jan Ƙulli a Jikin Jariri: Daga Ina Ya Fito?

'Yan'uwa ɗalibai da iyaye, da yawanmu mun taɓa ganin jariri da wani jan ƙulli a goshi ko a kumatu, wanda ba a lura da shi ba ran haihuwa, amma bayan 'yan makonni ya fito yana ƙara girma. Wasu kan ce tawadar Allah ce. Wasu kuma kan ɗora laifi a kan uwa. Bari mu duba abin da masana suka gano.

Likitoci suna kiran wannan ƙulli hemanjiyoma. Tarin ƙananan jijiyoyin jini ne da suka cure wuri ɗaya. Kimanin jarirai 4 ko 5 cikin 100 kan same shi, ya kuwa fi yawa ga 'yan mata da bakwaini. Yakan yi girma da sauri a watannin farko, sa'an nan ya tsaya, ya riƙa bajewa a hankali cikin 'yan shekaru. Sau da yawa ɗan kitse ne yake saura a wurin.

A shekarar 1982 masana biyu a Amurka, Mulliken da Glowacki, suka raba irin waɗannan tabo gida biyu. Akwai masu girma su baje, kamar hemanjiyoma. Akwai kuma waɗanda jijiyoyin ne suka ginu ba daidai ba tun a ciki, ba sa tafiya, kamar jan tabon da ke kan Gorbachev, tsohon shugaban Tarayyar Sobiyet.

To, me yake sa na farkon ya girma? Mun koya a aji cewa jiki an gina shi ne da ƙwayoyin halitta. A cikinsu akwai waɗanda za mu kira ƙwayoyin asali. Su kamar yumɓu suke a hannun magini, ba su riga sun zama tukunya ko tulu ba. Suna iya hayayyafa, suna kuma iya rikiɗa su zama wani irin ƙwaya dabam.

A shekarar 2008 Joyce Bischoff da abokan aikinta a birnin Boston suka ware irin waɗannan ƙwayoyi daga hemanjiyomar jarirai, suka dasa su a ƙarƙashin fatar ɓeraye. Da fari ƙwayoyin suka gina jijiyoyin jini, daga baya jijiyoyin suka ragu, kitse ya maye gurbinsu. Wato abin da ke faruwa a jikin yaro, shi ne ya faru a jikin ɓera. Wannan ya nuna mana cewa tushen ƙullin yana cikin ƙwayoyin da kansu.

A wannan shekarar kuma likitoci a birnin Bordo na Faransa suka lura cewa Propranolol, maganin zuciya da hawan jini, yana sa ƙullin ya motse. Yanzu shi ne maganin farko da ake bayarwa idan akwai bukata, amma sai da kulawar likita.

Darasinmu shi ne, kada mu zargi uwa, kada kuma mu bari a tsaga ko a ƙona ƙullin, gama cike yake da jini. Yawancinsu ba sa bukatar kome sai haƙuri. Amma idan yana kusa da ido, ko hanci, ko baki, ko ya zama gyambo, ko numfashin yaron ya canza, mu kai shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.