Haɗa injin ban ruwa biyu

A kwarin Gulbin Maradi da bakin tabkin Madarunfa, masu garka suna ban ruwa da inji lokacin rani. Abu biyu ake dubawa ga inji. Na farko ƙarfin turi, wato tsawon da yake iya hau da ruwa. Ana auna shi da metir. Na biyu yawan ruwan da yake zubarwa. Ana auna shi da litar a minti guda.

Wani lokaci inji guda ba ya isa, sai maƙwabta biyu su haɗa nasu. Haɗin iri biyu ne.

Idan garka tana kan tudu, ana jera injin ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya jawo ruwa ya miƙa wa na biyu, na biyu ya ƙara tura shi. Misali, in kowane yana hau da litar 300 zuwa metir 20, su biyu za su kai ruwan wajen metir 40. Amma litar 300 ɗin nan ce dai, don ruwa guda ne ya ratsa su duka.

Idan kuwa garka tana ƙasa amma tana da faɗi, ana aje su gefe da gefe. Kowane ya ja nasa, su zuba cikin tiyo guda. A nan yawan ruwa ne ke ƙaruwa, ƙarfin turi bai canza ba. A lissafi litar 600 ke nan, amma ba a samunta cif. Ruwa yana gugar cikin tiyo, kuma in ya yi yawa gugar tana tsananta. Mai siririn tiyo sai ya ƙone mai na inji biyu, ruwa kaɗan ya ƙaru. Gara ya nemi tiyo mai faɗi tukuna. In kuma inji ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi sosai, yana iya hana ƙaramin zubar da komi.

Akwai abin da haɗi ba ya magancewa. Injin da ke bakin rijiya ba ya tsotso ruwan da ya wuce zurfin metir 7 ko 8, don nauyin iska ne ke cusa ruwa cikin tiyon tsotso, kuma nauyin nan yana da iyaka. Shi ya sa in ruwa ya janye, masu garka suke gina rami su saukar da injin.

Tambayoyi
1. Wane haɗi ya dace da garkar albasa da ke kan tudu mai metir 30?
2. Don mi inji biyu gefe da gefe ba sa ba da litar 600 cif?